Me ya sa ake rufe tambaya a Stack Overflow? Sharhi kan dokar maimaici da ta kauce wa maudu'i

Ɗalibin da ya fara koyon rubuta manhaja da Python ko JavaScript ba ya daɗewa bai ci karo da wani abin mamaki ba. Zai ce wa kwamfuta ta haɗa masa 0.1 da 0.2, yana jiran ya ga 0.3, sai ta fito masa da 0.30000000000000004. Ya sake gwadawa, haka. Ya kashe ta ya kunna, haka dai. Daga nan sai ya garzaya Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa mafi girma na masu rubuta manhaja, ya zauna ya tsara tambayarsa da iya Turancin da ya sani, ya aika. Kafin ya je ya sha ruwa ya dawo, an rufe ta. A samanta an manna sanarwa cewa tambayar nan tana da amsa tuni, ga kuma mahaɗi zuwa wata da wani ya yi tun 2009. Ba wanda ya ce masa sannu, wataƙila ma an bi shi da ƙuri'ar ragi ɗaya ko biyu.

Wanda ya tashi yana jin ana cewa matambayi ba ya ɓata zai ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Shi kuwa wanda ya rufe tambayar, a ganinsa taimako ya yi, tunda ya miƙa wa yaron amsar da ƙwararru suka shekara goma sha suna tacewa. Saɓanin ya daɗe, amma ya sake kunno kai tun da yawan tambayoyin dandalin ya faɗi warwas bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi. Wasu na cewa tsaurin masu rufe tambaya ne ya kori jama'a, wasu na cewa an ɗora laifi inda ba nan yake ba.

## Mene ne rufewa, kuma wa ke da ikon yi?

Rufe tambaya daban, goge ta daban. Rufaffiyar tambaya tana nan kowa na gani, ana iya yi mata ƙuri'a, ana iya yin tsokaci a ƙarƙashinta, mai ita na iya gyara ta. Abu ɗaya aka hana, shi ne rubuta mata sabuwar amsa. Dalilan rufewa kuwa sanannu ne: ko an riga an amsa irinta, ko ba hurumin dandalin ba ce, ko bayaninta bai cika ba, ko ta ƙunshi tambayoyi da yawa a dunƙule, ko kuma amsarta ra'ayi ce kowa da nasa. Na farko da na biyu su suka fi jawo ce-ce-ku-ce.

Masu wannan aiki ba ma'aikatan kamfani ba ne, kuma ba a biyan su ko sisi. Masu amfani da dandalin ne da suka tara maki. Duk wanda aka ɗaga wa amsa ko tambaya da ƙuri'a ɗaya yana samun maki 10, idan mai tambaya ya karɓi amsarsa ya samu 15, idan aka yi masa ƙuri'ar ragi a cire masa 2. Mai maki 15 na iya kai ƙorafi kan tambaya, amma sai ya kai 3,000 kafin ya samu damar jefa ƙuri'ar rufewa ko ta buɗewa. Da can sai mutum biyar sun haɗu, daga watan Disambar 2019 aka mayar da su uku.

Akwai mutum iri biyu da ba sa jiran kowa. Na farko su ne zaɓaɓɓun masu kula, waɗanda jama'ar dandalin ke zaɓa da ƙuri'a, ana gane su da alamar daimon kusa da sunansu. Na biyu su ne masu lambar zinare a wani fanni, wato wanda ya rubuta amsa aƙalla 200 a fannin, a ce Java, kuma amsoshin suka tara ƙuri'a 1,000. Tun 2014 irin wannan mutum na iya rufe tambayar fanninsa a matsayin maimaici shi kaɗai, nan take. 'Yan dandalin na kiran wannan iko da guduma, kuma sau da yawa ita ce ke sauka kan ɗalibin da muka fara da shi.

## Asalin dokar

Jeff Atwood da Joel Spolsky ne suka buɗe Stack Overflow a 2008, kuma sun san cutar da suke son magancewa. A zamanin, wanda manhajarsa ta ƙi aiki sai ya faɗa tsofaffin zaurukan hira, ya bi zance shafi bakwai, a ƙarshe ya tarar mai tambayar ya rubuta cewa ya gano bakin zaren, ya gode, bai faɗi yadda ya yi ba. Ko kuma ya faɗa Experts-Exchange, inda ake ɓoye amsar sai ka biya. Su biyun sai suka tsara dandalin a matsayin kundi: tambaya ɗaya, shafi ɗaya, amsa mafi inganci a sama, kyauta ga kowa.

Daga wannan tsari komai ya samo asali. Wanda ake yi wa hidima shi ne mutumin da zai zo ta Google bayan shekara biyar da irin matsalar, mai tambayar kuwa shi ne kawai wanda ya fara buɗe ƙofa. Akwai wata shahararriyar tambaya kan yadda ake fita daga Vim, wata manhajar rubutu da shigarta ba wuya amma fitarta na ɗaure wa sabon shiga kai. A 2017 kamfanin ya sanar cewa an duba ta fiye da sau miliyan ɗaya. Mutum ɗaya ne ya tambaya. Da a ce an bar tambayar ta watsu gida hamsin, da amsoshi sun watsu gida hamsin, kuma duk ranar da aka gano kuskure a ɗaya aka gyara, sauran arba'in da tara na nan da kuskurensu.

Dalili na biyu shi ne gajiyar masu amsa. Atwood ya rubuta a 2011 cewa tambayoyi kamar yashi suke, amsoshi kuwa lu'ulu'u, don haka dandalin zai fifita abin da zai riƙe masu amsa. Kalmar ta yi wa mutane da yawa zafi, amma lissafin a fili yake. Masu tambaya ba sa ƙarewa, ƙwararren da zai ba da lokacinsa kyauta kuwa kaɗan ne, kuma idan ya amsa abu ɗaya sau talatin, a na talatin da ɗaya sai ya tattara nasa ya tafi.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne Atwood ɗin da kansa ya rubuta a 2010 cewa ɗan maimaici alheri ne, domin mutane na kwatanta matsala ɗaya da kalmomi mabambanta. Shi ya sa ake barin tambayar da aka rufe da sunan maimaici ta zama allon kwatance. Tsarin share-sharen dandalin, wanda ke goge rufaffun tambayoyi marasa maki da amsa bayan kwana tara, ya keɓe na maimaici daga wannan doka. Baƙon da bai yi rajista ba idan ya faɗa kan irinta, matuƙar ba ta da amsa, kai-tsaye ake zarce da shi zuwa ta asali. A 2013 kuma aka ƙara sharaɗi cewa ba za a tura mutum ga tsohuwar tambaya ba sai tana da amsar da aka ɗaga ko aka karɓa.

## Inda gizo ke saƙar: yaushe tambaya biyu ke zama ɗaya?

A kan takarda dokar ta yi kyau. Matsalar tana wurin yanke hukuncin cewa wannan da waccan abu ɗaya ne. Shin sai tambayoyin sun yi kama, ko ya isa a ce amsarsu ɗaya ce? A aikace dandalin ya karkata ga na biyu, kuma a nan mai koyo da ƙwararre ke rabuwa.

Ɗauki kuskuren nan na Java da ake kira NullPointerException, wanda ke fitowa idan manhaja ta je amfani da wani abu ta tarar babu komai a wurin. Akwai tambaya guda da aka keɓe ta zama uwa ga wannan kuskure, kuma dubban tambayoyi aka rufe aka jingina da ita. Mai tambaya ya zo da layi sittin na aikinsa, abin da yake so a nuna masa wane layi ne ya lalace. Tambayar da aka tura shi gare ta ba ta san aikinsa ba, hanyar bincike take koyarwa: ka duba lambar layin da saƙon kuskure ya ambata, ka ga me ke wurin, ka bi baya ka gano inda aka manta ba a saka masa komai ba. Ƙwararre na kallon cuta ɗaya ce da ya gani sau dubu, kamar yadda likita ke gane zazzaɓin cizon sauro tun majiyyaci bai gama bayani ba. Mai koyo kuwa ciwon kansa kawai ya sani. Ilimin da ake buƙata don a gane cewa tambayoyin biyu ɗaya ne, shi ne ainihin ilimin da mai tambayar ya rasa, da yana da shi da bai tambaya ba.

Sai matsalar tsufa. Fasaha na sauyawa, amsa kuwa na zaune inda aka bar ta. An daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, kuma akwai rubutun da ke aiki lafiya a cikinsa amma idan aka saka shi a Python 3 sai kuskure. Mutum zai tambaya kan sabon, a tura shi ga tambayar 2010, ya tarar amsar da ke sama da ƙuri'a dubu ta tsohon take magana. Ƙa'ida ta ce a rubuta sabuwar amsa a ƙarƙashin tsohuwar tambayar. Sai dai sabuwar daga sifili za ta fara, can ƙasan amsa ashirin. Kamfanin ya amince da wannan ƙorafi har ya daina liƙe amsar da mai tambaya ya karɓa a saman shafi a Satumbar 2021, amma tarin ƙuri'un shekaru bai gushe yana rinjaye ba.

Akwai kuma kuskure zalla, na wanda ya karanta kan tambaya bai karanta cikinta ba ya sauke guduma. Hanyar ɗaukaka ƙara tana nan: mai tambaya ya gyara rubutunsa, ya bayyana bambancin, tambayar ta shiga layin masu duba buɗewa. Adadin ƙuri'un buɗewa daidai yake da na rufewa, amma yanayin ba ɗaya ba ne. Ana rufewa ne lokacin da tambaya ke sabuwa idanu na kanta, ana neman buɗewa bayan kowa ya wuce.

Wani abu kuma da ke ƙara dagula lamarin shi ne rabon maki. Wanda ya yi wuf ya amsa tambayar da aka amsa sau ɗari zai kwashi maki, wanda ya ɓata minti goma yana tono ta asali ba ya samun ko ɗaya. Don haka rigimar ba tsakanin sababbi da tsofaffi kaɗai take ba, su ma tsofaffin sun rabu gida biyu, masu amsawa da masu tacewa.

## Kauce wa maudu'i

Sunan wannan dalili na ruɗar mutane, domin yawancin tambayoyin da ake rufewa da shi a kan rubuta manhaja suke. Wanda ya tambayi wane littafi ya fi dacewa da mai koyon Java, ko wace kwamfuta zai saya, a bisa al'adar dandalin akan rufe masa, saboda irin wannan na jawo ra'ayoyi da 'yan talla, kuma amsar bana ba ta kai baɗi. Wanda matsalarsa harafi ɗaya ne ya manta shi ma za a rufe, tunda ba wanda zai amfana da ita gaba. Matsalar Windows ta yau da kullum ta dandalin Super User ce, ta kula da manyan kwamfutocin kamfani ta dandalin Server Fault ce, duka an buɗe su a 2009. Ana iya mayar da tambaya gidan da ya dace, amma idan ta wuce kwana 60 ba a yi.

Iyakar ma ba a wuri ɗaya ta tsaya ba. A shekarun farko an bar tambayoyin raha da na ra'ayi sun tara dubban ƙuri'u, daga baya aka kulle su da sanarwar cewa an ajiye su ne don tarihi. Sabon shiga na ganin su, ya kwaikwaya, a rufe tasa cikin minti biyar, ya rasa me ya bambanta su. A 2010 an buɗe wani dandali mai suna Programmers don ya kwashi irin waɗannan tambayoyi, amma shi ma bai jima ba ya tsaurara, har aka sauya masa suna zuwa Software Engineering a 2016.

A sauran dandalolin Stack Exchange, wato rukunin da Stack Overflow ke cikinsa, waɗanda suka haura 170, dalilin shata iyaka ya fi fitowa fili. Na addinin Musulunci ya bayyana cewa shi ba gidan fatawa ba ne, na kiwon lafiya ba ya duba ciwon wani takamaiman mutum, na shari'a ba ya zama lauyan kowa. Amsar baƙon da ba a san shi ba a irin waɗannan wurare na iya cutarwa. A wajen gidan ma kowa da salonsa: zauren AskHistorians na Reddit ba ya karɓar tambaya kan abin da bai kai shekara 20 da faruwa ba, Quora na haɗe tambayoyi masu kama su zama ɗaya, Yahoo Answers kuwa ya bar ƙofa a buɗe ga kusan komai har aka rufe shi a Mayun 2021.

## Gyare-gyaren da aka gwada

A 2013 aka cire wasu dalilan rufewa masu zafin lafazi, irin wanda ke ce wa mutum abin da ya rubuta ba tambaya ba ce, aka kuma riƙa rubuta cewa an dakatar da tambaya a kwana biyar na farko, don mai ita ya gane cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan lafazi bai sauya yadda mutane ke ji ba, aka janye shi a 2019.

A Afrilun 2018 wani babban jami'in kamfanin, Jay Hanlon, ya fito fili ya ce mutane da yawa, musamman sababbin shiga da mata da waɗanda ba farar fata ba, na jin dandalin ba ya maraba da su. Aka fito da sabuwar ƙa'idar ɗa'a, aka saka alamar hannu mai ɗaga gaisuwa kusa da sunan sabon mai tambaya. Masu tacewa da dama sun ji an zarge su ne a bainar jama'a kan aikin da suke yi kyauta, alhali kayan aikin da aka ba su ba su isa ba. Suna da hujja, domin layin tambayoyin da ke jiran hukuncin rufewa ya taɓa haura dubu 100, kuma ƙuri'ar da ba ta samu 'yan uwa ba kan lalace da kanta bayan ɗan lokaci. Wannan ne ya sa aka rage ƙuri'u zuwa uku, gyaran da ya sauƙaƙa wa masu tacewa amma ya sa rufewa ta ƙara sauri a idon mai tambaya. A 2024 aka buɗe Staging Ground, wani ɗakin jira inda gogaggu ke duba tambayar sabon shiga su ba shi shawara kafin ta fita fili.

## Zuwan ChatGPT

An saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwambar 2022. Cikin mako guda masu kula da Stack Overflow suka haramta liƙa amsoshinsa, saboda suna da kyan gani amma kuskure ya yi musu yawa. A Yunin 2023 masu kula suka shiga yajin aiki bayan kamfanin ya taƙaita musu ikon hukunta masu karya wannan doka, sai a Agusta aka sasanta.

Alƙaluman tambayoyi kuwa kowane ɓangare na kafa hujja da su. A 2014 ana yin tambaya wajen dubu 200 a wata. Daga nan adadin ya riƙa raguwa sannu a hankali, ya ɗan farfaɗo lokacin kullen korona a 2020, sannan ya rufta bayan 2022, har a 2025 ya koma irin na farkon kafa dandalin. Masu suka na cewa raguwar ta riga ChatGPT da shekara takwas, kuma ta faro ne daidai lokacin da aka ƙara tsauri. Masu kare tsarin na cewa kundin da ya amsa manyan tambayoyi dole sababbi su ragu a cikinsa, kuma wanda ya samu amsa ta Google bai tambaya ba nasara ce, ba asara ba. Duka bayanan biyu na iya zama gaskiya lokaci guda, kuma adadin tambayoyi shi kaɗai ba zai raba gardamar ba.

Abin da ba a musu a kai shi ne ƙirƙirarriyar basira ba ta taɓa ce wa mutum an riga an yi tambayarsa. Tana karɓar layi sittin ɗinsa ta nuna masa layin da ya lalace, ko ta yi kamar ta nuna. Amma kamfanonin da ke gina ta sun nuna darajar tataccen kundin, domin Google a Fabrairun 2024 da OpenAI a Mayun shekarar sun ƙulla yarjejeniya da Stack Overflow don amfani da bayanansa. Kamfanin Prosus, wanda ya sayi dandalin kan dala biliyan 1.8 a 2021, hajar da yake sayarwa yanzu ita ce aikin waɗancan masu tacewa da ba a biya ba. Inda amsar fasahar da za ta fito gobe za ta taru, idan mutane sun daina tambaya a fili, shi ne abin da har yanzu ba a warware ba.

## Yadda abin ya shafi mai koyo

Babban dandalin Turancin Ingilishi kawai yake karɓa. Akwai na Fotugis, Rashanci, Sifaniyanci da Jafananci, babu na Faransanci balle na Hausa. Ɗalibi a Kano ko Damagaram na da nauyi biyu, domin gano tsohuwar tambaya ya dogara ga sanin sunan da ƙwararru ke kiran matsalar da shi. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya kwafi saƙon kuskuren yadda yake ya saka a Google. Idan ya ga mai kama da tasa amma ba ta warware masa ba, ya ambace ta a cikin tambayarsa ya faɗi inda suka bambanta, ya kuma rage aikinsa zuwa 'yan layukan da ke fito da matsalar.

Idan an rufe, gyara ya fi sake aikawa, kuma gogewa ba ta wanke mutum. Dandalin na da tsari mai sarrafa kansa da ke hana tambaya ga wanda tambayoyinsa suka yi ta samun ƙuri'ar ragi, har da waɗanda ya goge ake lissafawa, kuma wanda ya faɗa ciki sai bayan wata shida ake ba shi damar tambaya ɗaya.

Masu kula da zaurukan koyon sana'a a WhatsApp da Telegram da Facebook, da ke yawan ce wa mutum an riga an yi wannan tambayar, ya kamata su lura da sharaɗin da dokar ta tsaya a kai. A Stack Overflow ba a rufe tambaya da sunan maimaici sai an haɗa ta da inda amsar take. A zauren da saƙon jiya ke nutsewa ƙarƙashin ɗaruruwan na yau, faɗin haka ba tare da nuna wurin ba kora ce kawai.

Shi kuwa ɗalibin 0.1 da 0.2, idan ya daure ya latsa mahaɗin, zai tarar kwamfutarsa lafiyarta ƙalau. Tana ajiye lambobi ne da sifili da ɗaya, kuma 0.1 ba ya rubutuwa daidai a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.3333 ba iyaka a namu lissafin. Ƙa'idar da ke bayan haka, IEEE 754, tun 1985 take. Idan kuɗi yake lissafawa, shawarar da zai samu ita ce ya bar ɗigo, ya ƙirga komai da kwabo.